Ɗaurin Ƙotar Bindigar Yaya

Daga Allah muka zo, wurinshi za mu koma, da mai bindiga da abin da ya halba. Yayana ya riga ni tafiya. Shi ne na fari a ɗakin uwarmu, ni ce auta. Waɗanda aka haifa tsakaninmu ba su zauna ba. Mu biyu muka tashi, mu biyu muka tsufa. Yanzu saura ni.

Labarin ya iske ni a Korgom da hantsi, ina sheƙar wake. Aka ɗora ni bayan moto, muka bi yashi, muka bi yashi, ina riƙe da rigar mai tuƙi. Kafin mu isa ƙauyenmu, can bayan Attantane, an riga an kai shi. Ban ga fuskarshi ba. Tabarmar da ya kwanta a kai na iske an shanya a kan danga.

Gida ya cika. Maza a ƙarƙashin gawo, mata a tsakar gida, kuma kowa ya buɗe baki yana da nashi Yayan. Ina jin su ta bayan danga. Wani tsohon direba daga Mayahi yana rantsuwa cewa marigayi ne ya fid da shi daga daji ranar da motarshi ta kafe a gulbi, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Wani Bafillace yana cewa tun da marigayi ya bi sawun dilan da suka addabi tumakinshi, bai ƙara rasa ko ɗan rago ba. A cikin mata kuma wata tsohuwa marar ɗa namiji tana share hawaye da bakin zane, wai zabon farko na kowace kaka a ƙofar ɗakinta ake ajiye shi, ba sallama, ba jiran godiya. Duk gaskiya suke faɗi. Amma na ce a raina: ku raba, ku raba. Ni da muka sha nono ɗaya ban ce komai ba tukuna.

Mata suna shigowa, su rusuna gabana, su ce, "Gwaggo, sai haƙuri." Kalma biyu. Sai su zarce wurin matar ɗanshi, su zauna, su kama hannunta. "Ke ce kika yi rashi. Ke ce kika rasa uba." Ita kuma tana sunkuye, idanu sun kumbura. Ita ta ba shi ruwan ƙarshe. Ita ta rufe mashi ido. Yarinya ce mai hankali, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Sai dai ina zaune kamar baƙuwa a gidan da aka yanke mani cibi.

Da la'asar na tashi na shiga ɗakinshi. Gado na nan, buta na nan, takalmanshi na tayar mota na nan a bakin ƙofa. Bindiga kuma tana rataye a turkenta, baki a ƙasa, yadda yake barinta. Na duba ƙotarta. Baƙin abin nan yana naɗe a jiki, bai ko kode ba.

To, ga abin da wanda ba ɗan gidan mahalba ba bai sani ba. Maratayin bindiga ɗauri biyu gare shi. Na gaba, wanda ke kusa da baki, kowa ma yana iya yin shi. Na baya, wanda ke kama ƙota, shi ke ɗaukar nauyi, shi ke faɗin yadda bindiga za ta kwanta a bayan mutum, kuma ba a auna shi sai da kafaɗar mai ita. A gidanmu, in mahalbi ya rasu, ranar sadakar bakwai ana yanke ɗaurin baya, don kafaɗar da aka auna shi da ita ta shiga ƙasa. Sai a ɗaura sabo da kafaɗar magaji. Kuma ba kowace mace ke wannan aiki ba, sai wadda ta fi kusa da mamaci. Gaban jama'a ake yi. Wadda aka miƙa ma wuƙa ranar, gari ya san matsayinta.

Na tsaya gaban bindigar nan na ce: sun karɓe mani gaisuwa, sun karɓe mani ruwan ƙarshe. Wuƙar nan kam ba za a miƙa ma wata ba ina raye.

Bari in gaya maku ko wane ne shi, don kada a manta.

Mutum ne dogo, marar yawan magana. Duk abin da ka tambaye shi, ko sunan ƙauyen da ke gaba ne, sai ya karkata kai ya ce, "Tsaya in ji," kamar amsar tana tafe daga cikin ciyawa. Ba ya halbin abin da ya zo shan ruwa. Yakan ce wanda ƙishirwa ta kawo baƙo ne. Ba ya cin naman da ya kawo sai kowa ya ci, kuma sau da yawa in kowa ya ci babu saura, sai ya sha furarshi ya ce dama ita ya fi so. Har na yi jikoki, har jikokina suka yi aure, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta.

Kafaɗarshi ta hagu ta fi ta dama saukowa. Masu gaisuwa ba su san dalili ba, wasu har cewa suke nauyin bindiga ne. Ba shi ba ne. Ina ƙarama na yi kukan goruba, ya hau ya tsinko mani, reshe ya ɓalle da shi. Mai ɗori ya ɗora, ta kama a karkace. Ubanmu ya tambaye shi mi ya kai shi sama, ya ce shi ya yi kwaɗayi. Saboda haka kafaɗar nan tawa ce. Don ni ta karye, kuma ni na san ta.

Uwarmu ɗiyar dukawa ce, masu aikin fata, daga Tasawa. Ita ke ɗaura ma ubanmu, ita ta ɗaura ma Yaya lokacin da ya gaji bindigar, ina riƙe mata bakin fata ina kallo. Da ta rasu, aikin ya dawo hannuna. Ko da aka kai ni aure Korgom, bai nemi wata ba. In fata ta fara cinyewa, sai in ga mutum tafe da abu naɗe cikin buhu, da can da ƙafa, daga baya bisa amalanke. Ya yi sallama, ya zauna gindin bedin ƙofar gidanmu, ya ce, "Auta, ta fara ja ni baya."

Sai in jiƙa kirgi, in yanko tsiri, in sa shi ya tashi ya yi tafiya, ya duƙa, ya yi rarrafe kamar yana bin zabi, yaran unguwa suna dariya, shi ko a jikinshi. In ɗaura da ɗanyar fata, in ɗinke da jijiya, in ajiye a inuwa. Fata in ta bushe a rana tsagewa take, sai inuwa, kuma inuwa ba ta gaggawa. Ba ya tafiya sai ta bushe. Kwanakin nan na jiran fata su ne nawa. A cikinsu muke tuna uwarmu, a cikinsu yake gyara mani rumbu, a cikinsu dangin mijina suke tunawa cewa ni ma ina da namiji a bayana.

Sau ɗaya ya bar ni, a zamanin ƙarfinshi. Wani maƙeri a kasuwar Gidan Amumune ya cika mashi kunne, wai fata aikin da ne, ƙawanyar ƙarfe ake yayi, a huda ƙota a murɗa ƙusa, shi ke nan har abada. Yaya ya yarda. Aka huda, aka murɗa. Ya shiga daji, ya iske garken zabi suna kiwo gindin kaba, ya kwanta, ya yi rarrafe har yana ganin ɗigon gashinsu. Ya zame bindiga daga kafaɗa, sai ƙawanya ta ce ƙil a jikin ƙusa. Garke ya tashi gaba ɗaya. Ya ce har wani zabo ya waiwayo ya dube shi.

Ya zo Korgom buhu a hamata, kai a ƙasa. Na bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu.

Na ce, "Yaya, ina naman har abada?"

Ya ce, "Tsaya in ji."

Na ce, "Ai zabi sun riga ka ji."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Auta, ƙarfe bai iya riƙe bakinshi ba. Cire mani shi."

Na cire. Ƙusar har ta fara tsaga icen. Na toshe ramin da ƙaro da ɗan tsinken kanya, na naɗe da fata. Ranar ya rantse ba wanda zai ƙara taɓa ƙotar nan sai ni. Na riƙe rantsuwar. Shi ne bai riƙe ba.

Ana nan, ana nan, daji ya ƙare. Barewa ta tafi, gada ta tafi, gonaki suka cinye kurmi. Sai zomo, sai fakara, sai korar tsuntsu daga hatsi. Matarshi ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ɗanshi, wanda ke kabu-kabu tsakanin Attantane da Mayahi, ya yi aure, ya kawo yarinya daga Tasawa, ɗiyar wani tela, da kekenta na ɗinki.

Allah da ikonshi, sunanta sunan uwarmu.

Kun san yadda ake. Matar ɗa ba ta zama inda surukinta yake, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Amma Yaya da ya ji sunan sai ya ce bakinshi ba zai iya faɗi ba, kuma ba ya gudun uwarshi. Ya sa mata Inna. "Inna, a ba ni ruwa." "Inna, zo ki ga abin da ɗanki ya kamo." Tsoho mai farar gemu yana kiran yarinyar da ba ta kai ɗiyata ba Inna. Kunya ta faɗi tsakaninsu. Tana zama kusa da shi tana cire mashi ƙaya, tana yi mashi faɗa in ya fita ba karin kumallo, shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa, "Na tuba, Inna." Mutanen gari suna jin daɗin abin. Ni ma da farko na yi dariya.

Wata damina fatata ta tsinke mashi a daji. Gulbi ya kawo ruwa, hanya ta yanke, ni kuma gwiwa ta kama ni. Na yi ta sauraron sallamarshi, ruwa ya janye, hatsi ya yi kai, aka yi girbi, shiru. Sai da matar ɗanshi ta haihu na je suna. Na shiga ɗakinshi in gaishe shi, na ɗaga ido, na ga abin.

Ɗamarar kujerar mota ce, baƙa, mai faɗi, wadda suke ce ma santir. Wan yarinyar ke da garaji a Tasawa, daga wata matacciyar mota ya yanko mata. Ta naɗe ƙota da ita, ta ɗinke da zaren roba, ta sa maɓalli inda za a ƙara tsawo ko a rage, ta kuma cusa tsumma ta yi ɗan matashi daidai inda zai hau kafaɗa.

Na ce, "Yaya, mi ke nan?"

Ya ce, "Tsaya in ji."

"Babu abin ji. Ido ne ya gani."

"Inna ce ta yi mani."

"Wace Innar? Innar da na sani, na san inda aka rufe ta."

Can ya ce, "Auta, zauna." Ban zauna ba. Ya ce, "Kafaɗar ta tsufa. Nama ya tafi, ƙashi ya rage. Fatarki tana yanka ni."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"An daɗe, ba ka faɗi ba?"

"In na faɗi, mi za ki yi? Fata fata ce. Wanga kuwa yana da faɗi, ba ya cizo. Ruwa ba ya cin shi, gara ba ta cin shi, ba ya ruɓewa."

Na ce, "To, tun da ba ya ruɓewa, sai yaushe za a ganka Korgom?"

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ashe bindiga kike ma shimfiɗa, ba ni ba? Zan zo da ƙafata, ba sai ta tsinke ba."

Na fita. Aka yi suna, aka ci, aka sha, mai jego tana cewa, "Gwaggo, ki ɗauki jikanki mana," na ɗauka, na sa albarka, don yaro ba ruwanshi. Da zan tafi ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, in na yi kuskure a yafe mani. Na ga kafaɗar tana jini ne." Na ce mata ba komai. Na ce ɗinki ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin, shi ya sa maganar ta yi mani ɗaci a baki.

Ya cika alkawari, ya zo. Amma hannu sake ya zo, ba buhu. Ya zauna gindin bedi, ya sha fura, muka gaisa, muka ƙara gaisawa, rana ta karkata, ya ce bari ya kama hanya, Inna za ta damu. Babu abin da ke bushewa a inuwa, babu dalilin kwana. Bayan haka sai aike: yau fakara biyu a hannun mai moto, gobe ƙullin kuka. Ina ci, ina godiya. Shekaru suka tafi a haka. Ciwon da ya ɗauke shi ma gajere ne, zazzaɓi da tari, suka ce ba su so a tayar mani da hankali ba. Hankalin da suka ajiye mani, ga shi nan, ban san abin da zan yi da shi ba.

To, sadakar bakwai ta zo. Tun jajibiri na jiƙa kirgin da na aika aka ɗauko mani daga Korgom, da basillata, da jijiya. Ban gaya ma kowa ba. Da safe malamai suka yi addu'a, aka raba gumba, baƙi na nesa suka fara sallama. Sai Sarkin Baka, shugaban mahalban yankinmu, tsohon abokin dajin Yaya, ya shigo tsakar gida yana dogara sanda, ya ce a fito da bindiga. Ɗan Yaya ya fito da ita. Sarkin Baka ya karɓa, ya duba, ya tabbatar babu komai a cikinta, ya kwantar da ita bisa tabarma.

Ɗan Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba Sarki, ina da magana. Ni dai da za a bar mani shi yadda yake. Yana da ƙwari. Ga maɓalli, in na ja ya zo daidai da ni. Kuma a kan moto ya fi."

Na ce, "A kan moto aka haifi ubanka?"

Ya ce, "Gwaggo, ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? Kafaɗar da aka auna shi da ita tana ina? Za ka rataya awon mamaci ka shiga daji? Kakanka an yanke mashi. Kakan kakanka an yanke mashi. Don an samu ɗamarar mota sai a ce gidanmu ya daina zama gidanmu?"

Sarkin Baka ya yi murmushi ya ce, "Auta, haƙora sun tafi, baki bai tafi ba."

Na ce, "Kai ma ido ya tafi, da ka ga gaskiya tun kafin in faɗe ta."

Aka ɗan yi dariya. Ya gyara zama ya ce, "Ta fi ka gaskiya, ɗana. Yankewa za a yi. Saura wadda za ta yanke." Ya zaro wuƙa daga kube, ya riƙe ta a tafin hannu, ya dubi mata.

Wata maƙwabciya ta ce, "Ai ga wadda yake kira Inna. Ita ta yi jinya."

Wata ta ce, "Ƙwarai. Ko ɗiyar cikinshi iyakar abin da za ta yi ke nan."

Na ji jini ya hau mani kai. Na miƙe, gwiwar da ba ta miƙewa ranar ta miƙe. Na ce, "Jinya lada ce, Allah ya ba ta. Amma ba jinya ake tambaya ba, kusanci ake tambaya. Ciki ɗaya ya ɗauke mu. Kabarin uwarmu mu biyu muka tsaya a kanshi. In akwai wadda ta san shi tun yana da kafaɗu biyu daidai, ta tashi in gan ta."

Ba wadda ta tashi. Matar ɗanshi ta ɗago kai, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Baba Sarki, a ba Gwaggo. Ni ban ma san yadda ake yi ba."

Sarkin Baka ya miƙo mani wuƙa, gaban maza, gaban mata. Na karɓa. Ba zan ɓoye maku ba, sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Na yi bisimilla, na sa wuƙa ƙarƙashin zaren roba. Taurin tsiya gare shi, sai da na yi ta gurzawa. Ya saki. Na warware baƙin abin nan daga ƙota na ajiye gefe. Icen ya fito fari, tsaf.

Na ce ma ɗan Yaya ya tashi. Na ɗaura mashi bindigar da igiyar kaba, na wucin gadi, na ce ya yi tafiya. Ya yi. Ƙota tana dukan cinyarshi. Ɗauri ya yi kusa da kunamar bindigar ke nan. Na ja shi baya. Ya ƙara tafiya, sai baki ya riƙa leƙowa gaba; ya yi baya da yawa. Na dawo da shi kaɗan, wajen faɗin tafin hannu daga ƙarshen ƙota. Na ce ya duƙa. Na ce ya yi rarrafe.

Ya ce, "Gwaggo, gaban mutane?"

Na ce, "Ubanka da gemunshi ya yi. Sauka."

Ya sauka, bindiga ta kwanta a bayanshi ba ta motsa ba. Na ce ya hau moton da yake taƙama da shi. Ya hau, ƙota ba ta taɓa sirdi ba. Na shata wurin da gawayi. Kafaɗunshi daidai suke, duka biyu. Hannuna ya yi ta neman karkatar nan bai samu ba.

Na zauna na miƙe ƙafa, na ɗora ƙota bisa cinya. Na naɗa jiƙaƙƙen kirgi, na ja, na ƙara ja. Na bar kunnen fata, inda maratayi zai shiga, a gefen hagu, ba a ƙasa ba, don kunama ta kalli waje kada ta kama riga. Na huda da basilla, na bi da jijiya. Ido ba ya gani kamar da, amma yatsu sun tuna hanya. Na ƙulle, na datse. Sarkin Baka ya sa yatsa cikin kunnen ya ja da ƙarfi, ya girgiza bindigar kusa da kunnenshi, bai ji komai ba. Ya ce, "Hannun gidan dukawa. Allah ya sa a kashe abin ci, kada a kashe abin kuka." Jama'a suka ce amin. Mata suka fara cewa, "Sannu, Gwaggo. Ashe ke ce." Ashe ni ce. Sai yau suka sani.

Sai na juya wurin abin da na yanke. Yana nan bisa tabarma. Yanzu da ya rabu da bindiga na gan shi da kyau. Inda babban yatsanshi ke kamawa in yana tafiya ya yi sulɓi, ya yi haske. Ɗan matashin nan ya lotsa, ya ɗauki siffar ƙashin kafaɗarshi, karkatar da komai. Daga inda nake zaune ina jin warin albarushi da zufarshi. Duk ɗakin nan babu abin da ya rage da Yaya a jiki kamar wannan tsumma. Na miƙa hannu.

Sarkin Baka ya ɗora sandarshi a kai. Ya ce, "A'a, Auta. Ke kika ce a bi na gida, to a bi shi har ƙarshe. Ɗaurin ƙarshe na wadda ta ɗaura shi ne."

Hannuna ya tsaya a iska. Na sani. Wallahi na sani, zafin rai ne ya rufe mani. Na ubanmu a ƙasan kwallar kayan uwarmu ya zauna har ta rasu, in ta buɗe takan ɗauko ta shinshina ta mayar. Waɗanda na yi ma Yaya duk tsawon shekarun nan kuwa, mai su yana raye aka cire su, ba su zama komai ba. Wasu an ɗaure guga da su, wasu awaki sun tauna. Na ƙarshe kaɗai ake ajiyewa. Da na bari an bar shi a jikin bindiga, da yana nan rataye a ɗaki, na kowa ne, in na zo in taɓa. Da bakina na sa aka yanke, da hannuna na yanke.

Sarkin Baka ya ce, "Inna, zo ki karɓi naki." Har shi ma Inna.

Ta taso, ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta kai shi fuskarta. Kafaɗunta suka fara rawa. Ina kallonta, ina jira. Na ce yarinya ce mai kunya, yanzu za ta juyo ta ce, "Gwaggo, ke ya kamata," ni kuma in ce a'a, riƙe abinki, ɗiyata, jama'a su ga girmana. Har na shirya maganar a bakina.

Ba ta juyo ba. Ta naɗe shi, ta ƙulle a haɓar zanenta, ƙulli biyu, ta tashi ta shiga ɗakinta.

Da azahar ta kawo mani fura, ta durƙusa, ta ce, "Gwaggo, ki sha, tun safe ba ki sa komai a ciki ba." Ƙullin yana lilo a gefenta, kusa da gwiwata. Na karɓi ƙwarya na sha. Furar ta yi daɗi. Yadda yake so take dama ta, da yaji kaɗan.

Wannan shi ne Yayana, mahalbi ɗan mahalbi, wanda bai halbi mai ƙishirwa ba, bai ci kafin mayunwaci ba. Allah ya yafe mashi abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya yalwata mashi makwanci, ya sanyaya mashi ƙasa, ya haɗa shi da uwarmu ta gaskiya. Ita kuma yarinyar, ta yi mashi abin da ya kamata, Allah ya saka mata, ya raya mata ɗiyanta, ya ja kwananta. Ya ja shi sosai. Ni ce zan riga ta isa wurin Yaya.